A SAYO INJIN GINA KAYAN ROBA, AMMA KADA A BAR SHI CIKIN AKWATI

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗejiya ya san cewa ba kullum babban abu ne yake tsayar da aiki ba. Ga manomin tattasai a fadama da injin feshinsa lafiyayye, tanki bai huje ba, famfo bai mutu ba, amma 'yar robar da ke riƙe madaurin goyo ta karye. A shiga kasuwa a nema, a ce babu, sai Kano. Kano kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce, kuɗin mota zuwa da dawowa ya ninka kuɗin robar sau da yawa. Daga nan sai a ɗaure da tsumma ko tsohuwar robar keke, in ya ƙi a jingine injin a bayan rumbu. Haka abin yake ga murfin batirin tocila, da maɓallin rediyo, da marfin tankin janareta. Kaya masu tsada da yawa sun mutu a gidajenmu saboda abin da bai fi ƙwayar goro ba.

A bana maganar sayen wani ɗan inji mai iya gina irin waɗannan ƙananan kayan roba ta taso a tsakanin malamai da iyaye da tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Wasu sun ce a saya tun yau. Wasu sun ce wasan yara ne, a bar kuɗin a yi abin da ya fi. Mu ra'ayinmu shi ne a saya, amma bisa sharaɗi: a sayo shi a warwatse, ɗalibai su haɗa shi da hannunsu, a kuma sa shi aikin da ya shafi rayuwar mutanen wannan ƙasa. In ba za a cika wannan sharaɗi ba, gara kada a taɓa ko kwabo.

Wane irin inji ne?

A kasuwa ana kiransa firintar 3D. Sunan yana ruɗarwa, gama ba takarda yake bugawa ba. Gini yake yi. Wanda ya taɓa zama ya kalli zanzaro yana gina ɗakinsa a jikin bango, yana ɗora laka kan laka har ɗakin ya tashi, ya riga ya gane rabin aikin. Sauran rabin kuma yana wurin mai zanen lalle, wadda take matsa leda, lalle yana fita siriri ta ɗan ƙaramin baki, tana bi da shi duk inda zane ya nufa.

Abincin injin zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, wanda ake sayarwa a naɗe a kwarkwaro, yawanci kilo ɗaya. Wani ɗan haƙori mai juyawa yana tura zaren cikin wani baki mai zafi, inda yake narkewa a wajen digiri 200. Ramin bakin milimita 0.4 ne kawai. Bakin yana zagawa bisa wani faranti mai ɗumi, yana shimfiɗa narkakkiyar roba bisa ga zanen da aka ba shi. In ya gama shimfiɗa ta fari, sai ya ɗaga sama kaɗan, kamar milimita 0.2, ya ɗora ta biyu. Watau abin da tsayinsa santimita 2 ne, shimfiɗa 100 ke nan, ɗaya bisa ɗaya. Saboda haka aikin ba na gaggawa ba ne. Maɓallin rediyo zai ci kamar rabin awa, abu mai girman dunƙulen hannu kuwa zai iya cin awoyi da dama.

Injin ba ya tunani. Sai mutum ya auna abin da yake so, ya zana shi a kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Akwai manhajoji na kyauta domin wannan, irin su Tinkercad ga mai koyo, da FreeCAD ga wanda ya ƙware. Sai a miƙa zanen ga wata manhaja, alal misali Cura, wadda take yanka shi shimfiɗa shimfiɗa, ta rubuta wa injin umarnin kowane motsi. A ɗora umarnin a ɗan katin ajiya irin na wayar hannu, a sa wa injin, ya kama aiki. In awo ya yi daidai, abu ya fito daidai. In an yi ganganci a awo, injin zai gina gangancin nan tsaf ba tare da ya rage komai ba.

Daga ina ya fito?

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya ƙago wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, ya kafa kamfanin Stratasys a 1989. Shekaru da yawa injinan suna hannun manyan masana'antu, domin tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri da ya kira RepRap. Burinsa shi ne a yi injin da zai iya gina yawancin sassan jikinsa na roba, a kuma saki zanensa kyauta ga duk mai so. A 2008 injinsa ya gina sassan da aka haɗa wani injin da su. A 2009 wa'adin haƙƙin mallakar dabarar Crump ya ƙare, sai ƙofa ta buɗe. Wani saurayi ɗan ƙasar Cek, Josef Prusa, ya sauƙaƙa fasalin injin, ya fito da samfurin i3 a 2012, wanda aka yi ta kwaikwayo a duniya. A 2018 kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da Ender 3 a kan kuɗi wajen dala 200. Abin da dā sai masana'anta ya zama abin da ake ɗorawa bisa tebur.

Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne kawai. A 2013, a birnin Lome na ƙasar Togo, wani mutum mai suna Kodjo Afate Gnikou ya haɗa irin wannan inji, yawancin sassansa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar a juji. A watan Disamba na 2014 kuma, masu aiki a tashar sararin samaniya sun bukaci wani ɗan sifana. Ba a tura musu kumbo ba. Zanen aka aika musu daga ƙasa, injin da ke wurinsu ya gina shi cikin awa 4. Darasin a fili yake: amfanin wannan inji ya fi yawa ga wanda yake nesa da kasuwa. Mu kuwa mun san nisan kasuwa.

Akwatunan da ba a buɗe ba

To, me ya sa muka kafa sharaɗi? Domin ƙasarmu ta taɓa bin wannan hanya. A 1982 aka fara aiki da tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya kawo darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, wanda ɗalibai suke kira Intirotek. Niyyar mai kyau ce: yaron da ya gama aji uku ya fita da sana'ar hannu ko da bai ci gaba da karatu ba. Gwamnati ta sayo injinan aikin katako da na ƙarfe da na lantarki daga ƙasashen Bulgeriya da Hungari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu.

Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare a shekarun 1990, kamar yawancin malaman da ke koyarwa yanzu, sun san yadda labarin ya ƙare a makarantu da dama. Babu ɗakin aikin da za a kafa injinan, babu wutar da za ta juya su, babu malamin da aka horar a kansu. Akwatuna suka zauna a baranda da sito, gara ta ci katako, tsatsa ta ci ƙarfe, ɓarayi suka kwashe abin da ya saura. Ɗalibai kuwa suna zana hoton zarto da guduma a littafi, suna haddace sunayen sassan injin da yake kulle a bayan ajinsu. Sun ci jarrabawa, amma da yawansu ba su taɓa yanka katako ba.

Ba injinan ne suka yi laifi ba. An kawo kaya kafin a shirya mutane, aka kuma ɗauki kayan a matsayin dukiyar da za a tsare, ba kayan aikin da za a mora ba. Wannan hali bai mutu ba. Har yau akwai makarantun da ake lulluɓe kwamfutoci da zane, ba a buɗewa sai ranar da manyan baƙi za su zo. In muka sayo wannan inji da irin wannan zuciya, mun ƙara akwati ɗaya ne kawai a kan na dā.

Haɗawa ita ce darasin farko

Yanzu akwai sababbin samfura da suke zuwa kusan a haɗe, suna daidaita kansu da kansu. Ga ɗan kasuwa mai neman aiki da sauri, su ne daidai. Ga makaranta kuwa, mun fi son wanda yake zuwa a warwatse. Wanda ya ɗaura kowane noti da hannunsa ba ya jin tsoron kwance shi ranar da injin ya yi gardama. A nan garin babu makanikin wannan inji. Ko dai mu zama makanikansa, ko ya mutu a rashin lafiyarsa ta farko.

Irin su Ender 3 suna zuwa da gindinsu a haɗe, sauran a jere cikin soso: ginshiƙai biyu na alminiyom, da sandar da ke ɗauke da bakin, da dogon ƙarfe mai zare wanda ke ɗaga shi sama, da bel mai haƙora, da akwatin wuta, da ɗan allo, da ƙullin notuna da makullan ɗaure su. Aikin bai fi na yini ɗaya ba ga ɗalibai shida da malami, in an bi takardar umarni daki daki. Amma a cikinsa akwai wurare huɗu da suke raba mai haƙuri da mai garaje.

Na fari, a jikin akwatin wutar wasu samfura akwai ɗan makunni mai lamba biyu, 115 da 230. Na farkon na irin wutar Amurka ne. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona injin alhali makunnin yana kan 115 ya ƙone shi tun bai gina komai ba. A duba wannan kafin komai, mutum biyu su shaida.

Na biyu, dole ginshiƙan su tsaya cak, kusurwarsu da gindi ta zama digiri 90. A nan ne ɗan ma'aunin kusurwa da ke cikin gwangwanin lissafin kowane ɗalibi zai yi aikin gaske. In ginshiƙi ya karkata kaɗan, duk abin da injin zai gina a karkace zai fito. Kada a ɗaure noti ɗaya tamau tun sauran ba su shiga ba. A sa su duka sako-sako, a daidaita, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, bel da ƙananan tayoyin da sassan ke gudu a kansu. In sun yi sako-sako, da'ira za ta fito kamar ƙwai. In an matse su ainun, su cinye da wuri. Wannan ba a koyonsa a allo, sai yatsa ya taɓa ya ji.

Na huɗu, daidaita faranti, wanda shi ne ya fi gwada haƙuri. Tazarar da ke tsakanin bakin injin da faranti ba za ta wuce kaurin takarda ɗaya ba. Ana zura fallen takarda a tsakani, a juya dunƙulen da ke ƙarƙashin kowace kusurwa har sai an ji bakin yana ɗan jan takardar. A yi haka a kusurwa huɗu, a sake zagayowa, gama gyaran ɗaya yana taɓa sauran. In bakin ya yi nisa, roba ba za ta kama faranti ba, sai ta cukurkuɗe kamar taliya. In ya matso da yawa, ya toshe ko ya karce farantin. Shimfiɗar farko ita ce harsashi, kowane magini kuwa ya san abin da ke samun ginin da harsashinsa ya karkace.

Ɗalibin da ya wuce waɗannan matakai huɗu ya koyi karanta zane, da bin umarni bi da bi, da awo, da aiki tare da 'yan'uwansa. Ko da injin bai gina komai ba a ranar, an riga an ci riba.

Abin da ƙasarmu za ta yi wa injin

Takardar da ke cikin akwati ba ta san Haɗejiya ba. Dole mu ƙara mata namu sani.

Zafi. Zaren da aka fi amfani da shi, mai suna PLA, daga sitacin masara ko rake ake yinsa. Yana da sauƙin aiki, ba ya wari sosai, amma yana fara laushi tun daga wajen digiri 60. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa ma yakan haura digiri 40. Abin da aka bari a rana bisa kwano, ko cikin mota a rufe, zai lanƙwashe. Saboda haka PLA na kayan cikin aji ne. Abin da zai fita gona sai a yi shi da PETG, ɗan'uwan robar goran ruwan sha, wanda yake jurewa har wajen digiri 80, ko da yake yana bukatar wuta mafi zafi wajen narkewa.

Ƙura. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina. Tana manne wa zare ta bi shi har cikin bakin ta toshe shi, tana kuma cin tayoyi. Maganinta ba tsada: a ɗinka wa injin riga, a goge hanyoyin tayoyin kafin aiki, a ratsa zaren ta cikin ɗan guntun soso kafin ya shiga injin.

Laima. Mu mutanen bakin kogi ne. Da damina zaren yana shan danshin iska, in ya shiga wuta sai a ji yana tartsatsi, aikin ya fito da kumfa, ba ƙarfi. A ajiye shi cikin bokiti mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani.

Wuta. Injin ba ya cin wuta da yawa. In ya gama ɗumama, abin da yake ja bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dutsen guga ba. Matsalar ita ce yana son wutar da ba za ta yanke ba na awoyi. Wasu samfura suna iya ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta dawo, amma in faranti ya huce, aikin yakan saki, a yi asarar zare da lokaci. Farantan hasken rana da batir da inbata madaidaita sun isa, rana kuwa Allah ya hore mana ita. A lissafa kuɗinsu tare da kuɗin injin tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me za mu gina?

A intanet akwai dubban zane-zane na kyauta: 'yan tsana, da dodanni, da maƙalan makulli. Babu laifi ɗalibi ya gina abin wasa sau ɗaya ya ji daɗi, gama sha'awa ita ce ƙofar koyo. Amma wanda ya sauko da zanen wani ya danna maɓalli bai koyi komai ba sai danna maɓalli. Muna so ɗalibi ya zo da karyayyen abu daga gida, ya auna shi, ya zana, ya gina, ya gwada. Sau da yawa na farko ba zai shiga ba. Zai gane cewa ramin da aka zana milimita 10 yakan fito a ɗan tsuke, sai an ƙara masa kamar 0.2. Zai gane cewa abin da aka gina yana tsagewa ta bin shimfiɗunsa, kamar yadda itace ke tsagewa ta bin tsawonsa, don haka dole a yi tunanin yadda za a kwantar da shi bisa faranti. Ya gyara, ya sake. Wannan shi ne ilimin da muke nema.

Ayyukan suna nan birjik. Ga mai noman rani, matacin bakin mesa wanda ke hana ciyawa da tsakuwa shiga injin ban ruwa, da maƙalin madaurin injin feshi. Ga masunta, allurar ɗinkin koma. Ga tela, 'yan robobin keken ɗinki da suka daina zuwa kasuwa. Ga ajin lissafi, dala da mazurari da sauran siffofi da ɗalibi zai riƙe a hannu ya juya. Ga ɗakin kimiyya, mazaunin kwalaben gwaji da siffar zuciya da ta ƙwayar halitta. Ga makafi, haruffa da taswira masu tudu da za a shafa da yatsa.

Akwai aiki ɗaya da muke so ya zama na makaranta duka. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa, bayanan kuwa suna nan kyauta. Da su za a iya gina taswirar kwarin koginmu guntu guntu, a jera bisa tebur: daga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da aka gama a 1992, zuwa inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, a biyo ta Wudil da Ringim har Haɗejiya, inda ruwan ke rarrabuwa, wani ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya nufi Gashuwa. Dole a ninka tsayin tuddai sau da yawa kafin ido ya gan su, wannan kansa darasi ne, domin yana nuna yadda ƙasarmu take shimfiɗe kamar faifai. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa zai gane abin da ya sa, in kacalla ta toshe hanyar ruwa, ruwan yake bazuwa cikin gonaki da gidaje. Yaran Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma da suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sa bukatar a gaya musu muhimmancin wannan darasi.

Sai dai a san iyakarsa. Ba ya yin ƙarfe. Farantin irin wanda muke magana faɗinsa santimita 22 ne, abin da ya fi haka sai a guntu guntu. Kada a yi da shi kofi ko cokali, gama datti yana maƙalewa tsakanin shimfiɗun. Kada a yi abin da zai riƙe wutar lantarki mai zafi, ko matsin maganin feshi, ko wani sashe na birki. Duk abin da ran mutum zai rataya a kansa ba aikin wannan inji ba ne. Bakinsa kuma yana ƙuna nan take: a buɗe tagogi, a tattare gyale da hannun riga, kada a bar shi yana aiki babu kowa.

Masu cewa a'a

Waɗanda ba su yarda ba mutanen kirki ne, hujjojinsu kuma suna da nauyi. Sun ce akwai azuzuwan da rufinsu ke yoyo da ɗaliban da ba su da littafi. Gaskiya ne, ba kuwa mu ce a taɓa kuɗin rufi ko na littafi ba. Wannan aiki ne da ya dace da gudummawar tsofaffin ɗalibai da masu fatan alheri. In ba a samu ba, a jira.

Sun ce ba ya cikin jarrabawa. Sunansa ba ya ciki, amma awo da kusurwa da girman siffofi da zanen fasaha duk suna ciki. Yaron da ya lissafa yawan robar da mazurari zai ci, ya ga lissafinsa ya fito daidai, ba zai manta ƙa'idar ba a ɗakin jarrabawa.

Sun ce zai kashe sana'ar maƙera da masassaƙa. Mu muna ganin akasin haka. Masu zubin tukwanen alminiyom suna danna samfuri cikin yashi, su cire, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Abin da ba su da samfurinsa ba sa iya zuba shi. Ɗalibi zai iya gina samfurin da roba ya kai musu, su mayar da shi ƙarfe. Ta haka ɗan makaranta da maƙeri za su zauna tabarma ɗaya, kowa ya koyi girmama sanin ɗan'uwansa.

Sun ce roba ta riga ta ishe mu, ga leda ta toshe magudanai. Wannan ma gaskiya ne. Amsarmu ita ce, giram 10 na roba da ya ceci injin feshi daga juji ya rage shara, bai ƙara ba. Bugu da ƙari, akwai na'urar da ke yanka goran ruwan sha ta mayar da shi zaren injin. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Polyformer, wadda tsadar zare a ƙasar Ruwanda ta sa aka ƙago ta, ta ci lambar yabo ta James Dyson a 2022, zanenta kuma kyauta ne. Wannan aiki ne na gaba ga ɗaliban da suka ƙware.

Shawararmu

Muna roƙon hukumar makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su duba waɗannan abubuwa kafin a fitar da kuɗi.

1. Ɗalibai ne za su buɗe akwatin su haɗa injin, maza da mata daidai wa daida, ƙanana da manya, domin kada sanin ya fita tare da 'yan aji shida.

2. Malamai biyu aƙalla su koyi aikin, kada makulli ya zauna a aljihun mutum ɗaya.

3. A sayo zaren shekara guda da bakuna da bel na canji tare da injin. Kilo ɗaya ya fi mita 300, zai kuma fitar da ƙananan abubuwa wajen 100 in kowanne giram 10 ne.

4. A tanadi wutarsa tun kafin ya iso.

5. A ajiye littafi kusa da shi. Duk wanda ya yi aiki ya rubuta abin da ya gina, da zafin da ya sa, da abin da ya faru, ko ya yi kyau ko ya lalace. Kada a hukunta ɗalibi don aikinsa ya lalace ko don wani sashe ya karye a hannunsa yana cikin koyo.

6. Kowane zango, kowane rukuni ya warware matsala ɗaya ta gaske daga gida ko gona ko kasuwa, a nuna wa iyaye ranar ba da kyaututtuka.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, musamman masu fita a bana, ba dukanku ne za ku zama injiniyoyi ba, ba kuma lalle ne ku sake ganin irin wannan inji ba bayan kun bar nan. Shi ma kansa zai tsufa, wani ya maye gurbinsa. Abin da ba ya tsufa shi ne halin mutumin da in abu ya karye yakan ɗauka ya duba, ya auna, ya ce bari mu gwada. Ƙasar Haɗejiya tana da ruwa da ƙasar noma da kifi da rana. Masu irin wannan hali take nema su ƙaru.

Ku kuma iyaye da tsofaffin ɗalibai, in kun tashi taimakawa, kada ku tambaye mu ko injin yana nan sabo fil. Ku tambaye mu yara nawa ne suka taɓa shi, sau nawa ya lalace, wa ya gyara. In bayan shekara uku kuka same shi da tabo da karce, littafinsa ya cika da rubutun yara, to, kuɗinku bai faɗi a banza ba. Allah ya ba mu ikon yin abin da ya dace.